Jagora: Yadda Za Ka Kama Wurin Kallon Balen Idan Jirgin Yawon Shaƙatawa Ya Yada Zango

Akwai 'yan tsirarun mutanenmu na Garwa da Marwa da Njamena da ke shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda ke yin mako guda ko kwana goma suna bin gaɓar teku, kusan kullum gari ya waye musu a sabuwar tasha. Wani ɗansa ne da ke aiki a Turai ya biya masa shi da Hajiya, wani ɗan kasuwa ne ya haɗa da tafiyar kasuwancinsa, wasu kuma ango da amarya ne. A cikin jerin abubuwan da ake tallata wa fasinja idan jirgi ya yada zango, wanda ya fi jan ido shi ne fita kallon balen, ƙatuwar dabbar tekun nan da wasu ke ce wa kifin wel. Ga wanda ya tashi a yankin da ke nesa da teku, ya girma yana jin labarin Annabi Yunusa (AS) da kifin da ya haɗiye shi, ganin halitta mai wannan girma da ido abu ne da ya cancanci kuɗinsa da wahalarsa.

Sai dai akwai abu guda da nake so ka riƙe tun daga nan har ƙarshen wannan bayani. Balen ba ta da lokacin fitowa, amma babban jirgi yana da lokacin tashi, kuma ba ya jiran wanda ya makara. Idan jirgi ya bar Bature a wata tasha, sai ya sayi tikitin jirgin sama ya tare shi a gaba. Mai fasfon Kamaru ko na Chadi kuwa, tashar gaba tana iya kasancewa a ƙasar da bizarsa ba ta kai ba. Don haka shawarar da ta dace da su ba lallai ta dace da mu ba, kuma duk matakan da ke ƙasa da wannan idon na tsara su.

Mataki na farko: duba wata, tun kafin ka sayi tikitin babban jirgi

Yawancin manyan balen matafiya ne. Suna cin abinci a ruwan sanyi, su haihu a ruwan ɗumi, don haka wurin da ya cika da su a wata kaza yana iya zama fayau bayan wata uku. Mutane da yawa sai sun gama biyan kuɗin tafiya suke tambaya, alhali tambayar ta farko ke nan.

A Alaska ta Amurka, musamman Juneau da Icy Strait Point, balen mai doro tana nan daga Mayu zuwa Satumba, daidai da lokacin da jiragen yawon ke zuwa can. A Meziko, wajen Cabo San Lucas, lokacinta Disamba zuwa Afrilu ne. A Aisland, daga Reykjavik da Akureyri da Husavik, watannin Yuni zuwa Agusta sun fi. Tsibiran Azores na Fotugal suna da kashalo, balen mai ƙaton kai, duk shekara, ita kuma shuɗiyar balen, wadda babu dabbar da ta kai ta girma don tana kusan mita 30, tana ratsawa ta can wajen Afrilu da Mayu.

Afirka ta Kudu tana buƙatar kulawa ta musamman, domin ita ce mutanenmu kan fara tunani saboda kusa. Garin Hermanus ya yi suna a duniya, ana ganin balen ɗin kudu har daga bakin gaɓa, amma daga Yuni zuwa Nuwamba, kuma ta fi yawa tsakanin Agusta da Oktoba. Su kuwa manyan jiragen yawon da ke tashi daga Durban da Kep Tawun yawanci daga Nuwamba zuwa Afrilu suke aiki. Ka ga ke nan lokutan biyu da ƙyar suke haɗuwa. Wanda ya shiga jirgi a Fabrairu da niyyar ganin balen a can, ya yi sammakon banza.

Tsibiran Kanari na Sifen su ne suka fi sauƙi ta fuskar lokaci. Tsakanin Tenerif da La Gomera akwai garken baƙar balen mai dunƙulallen kai da ke zaune a wurin duk shekara, kuma da wuya a fita ba a gan su ba. Amma ka sani, tsawonsu mita 4 zuwa 6 ne, dangin dolfin ne. Suna da ban sha'awa ƙwarai, suna shawagi a saman ruwa da 'ya'yansu kusa da su, sai dai wanda ya sa rai da ƙatuwa mai ɗaga wutsiya kamar yadda ya gani a talabijin, gara ya san haka tun a gida.

Bari in ɗan ratse. Idan balen ce kaɗai ta dame ka, ba shiga babban jirgi ba, ba sai ka je nesa ba. Balen mai doro tana tasowa daga ruwan ƙanƙara na kudancin duniya ta zo haihuwa a tekun Gini, gaban Gabon da Sawo Tome, daga Yuli zuwa Satumba. Gabon ƙasar CEMAC ce, sefarmu ɗaya, kuma tun 2017 aka amince da zirga-zirga ba biza ga 'yan ƙungiyar masu fasfo na zamani. Ka tabbatar da yadda abin yake a lokacin tafiyarka, amma hanya ce da ta fi arha nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: biza

Kanari da tsibirin Madera na Fotugal da Azores da Aisland duk cikin yankin Shengen suke, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Idan jirgin zai fita daga yankin ya dawo, misali ya tsaya a Agadir ko Kasablanka ta Maroko sannan ya koma Sifen, kana buƙatar biza mai shiga da fita sau da yawa, kuma ka bincika ko ita Marokon ma tana son tata. Tafiyar Alaska bizar Amurka take so, kuma da yake jiragen kan tashi daga Vancouver ko su tsaya a Victoria, ta Kanada ma tana shigowa, ko da ba ka da niyyar sauka. Ka nemi kamfanin jirgin ya rubuto maka abin da ake buƙata ga fasfonka, ba ga kowa da kowa ba. Kada ka biya kuɗin kallon balen da ba a mayarwa kafin biza ta fito.

Mataki na uku: lissafin agogo

A nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Takardar tafiya za ta nuna maka lokaci biyu ga kowace tasha: isowa da tashi. Dukansu biyun ba naka ba ne. Bayan jirgi ya iso, sai hukumomin tashar sun ba da izini kafin a buɗe ƙofa, sannan dubban mutane su yi layi, don haka ka ƙara minti 30 zuwa awa guda a kan lokacin isowa. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai lokacin da ake so kowa ya kasance a ciki, wanda yawanci minti 30 ne kafin tashi. Ana rubuta shi a allo a bakin ƙofar fita da kuma cikin takardar shirin yini da ake ba kowane ɗaki.

Sannan ka bincika ko jirgin yana jingina da gaɓa ne ko yana tsayawa a tsakiyar ruwa. A wurare irin su Cabo San Lucas babban jirgi ba ya isa gaɓa, ƙananan jiragen jigila ne ke kwasar mutane rukuni-rukuni. A irin wannan tasha waɗanda suka sayi yawo ta hannun jirgin ake fara saukewa, saura su karɓi lamba su jira, kuma jigilar ƙarshe ta dawowa takan tashi da wuri.

Abu na uku, wanda ya fi cin mutane: inda babban jirgi ya tsaya ba lallai nan ne ƙananan jiragen kallon balen suke ba. A Funchal ta Madera da Ponta Delgada ta Azores, da ƙafa ma za ka iya isa. A Juneau kuwa daga Auke Bay suke tashi, kusan kilomita 20 daga tsakiyar gari. A Tenerif abin ya fi haka: babban jirgi yana tsayawa a Santa Cruz, can arewa maso gabas, su kuwa masu kai mutane kallo suna Puerto Colón da Los Cristianos da Los Gigantes, a kudu maso yamma. Daga Santa Cruz zuwa Puerto Colón wajen kilomita 80 ne a kan babbar hanyar TF-1, tafiyar awa guda idan hanya ta yi kyau.

Mu ɗauki misali da wannan. A ce jirgi zai iso Santa Cruz ƙarfe 8:00 na safe, ya tashi 5:00 na yamma. Kowa ya kasance a ciki 4:30. Ka sauka 9:00, ka sami mota, ka isa Puerto Colón wajen 10:15. Masu ƙaramin jirgin suna so ka iso minti 20 ko 30 kafin tashinsu, don haka fitar ƙarfe 10:00 ta wuce ka. Idan akwai ta 11:00 mai awa uku, za ka dawo gaɓa 2:00, ka isa Santa Cruz 3:15, kana da rarar awa guda da kwata. Ta 1:00 na rana mai awa uku kuwa za ta sauke ka 4:00, kana kan hanya za a janye tsani. Ni a nawa ganin, rarar da ta gaza awa ɗaya da rabi ba rara ba ce ga mai fasfo irin namu, domin taya tana faci, hanya tana cushewa, ƙaramin jirgi yana iya jinkirin dawowa idan an daɗe ba a ga komai ba. A wannan misalin sai in zaɓi fita mai awa biyu, ko in saya ta hannun babban jirgin.

Ka kuma kula da wane agogo ake bi. Jirgi yana da nasa lokacin, wani sa'in yana bin na tashar, wani sa'in ba ya bi. Kanari tana bayan sauran Sifen da awa guda, Azores ma tana bayan Madera da awa guda. Waya takan sauya lokaci da kanta ba ka sani ba. Ka ɗaura agogon hannu, ka daidaita shi da na jirgi kafin ka sauka, shi za ka bi. Idan kana magana da masu ƙaramin jirgin kuma, ka tambaye su da agogon garinsu.

Mataki na huɗu: ta hannun jirgi ko kai tsaye?

Hanya biyu ce. Kamfanin babban jirgin yana sayar da nasa yawon, ta shafinsa na intanet kafin tafiya ko a teburin yawo da ke cikin jirgin. Ya fi tsada, kuma sau da yawa cikin taron mutane za ka tafi. Abin da kake saye da ƙarin kuɗin shi ne alkawari: idan motarsu ta makara jirgi zai jira, ko su ɗauki nauyin kai ku tashar gaba. Idan kyaftin ya soke tsayawa a tashar saboda iska, kuɗinka yana dawowa ba tare da ka roƙi kowa ba.

Hanya ta biyu ita ce ka kama wuri kai tsaye wajen masu ƙananan jiragen, ta shafinsu ko ta dillalan intanet irin su Viator da GetYourGuide. Takan fi arha, mutane kaɗan, kuma kana da zaɓin lokaci. Amma idan ka makara, naka ya same ka.

Ga yadda nake raba su. Idan ƙaramin jirgin yana tashi kusa da inda babban ya tsaya, kuma zangon yana da tsawo, fitar kuma ta safe ce, kai tsaye ba laifi. Idan akwai tafiyar mota mai nisa, ko tashar jigila ce, ko zangon gajere ne, ko kana tare da dattawa da yara, ko kuma tashar gaba tana wata ƙasa daban, ka biya ta hannun jirgi ka huta. Araha ba ta ado a irin wannan wuri.

Kowace ka zaɓa, kada ka bari sai ka shiga jirgi. A lokacin cunkoso wurare suna ƙarewa makonni kafin tafiya, musamman fitar safe, wadda ita ce ta fi dacewa da kai: ruwa yakan fi kwanciya da safe a wurare da yawa, kuma tana bar maka yini a gaba.

Mataki na biyar: irin jirgin, da tambayoyin da za ka aika

Zodiyak, wato kwale-kwalen roba mai inji da ke ɗaukar mutum goma sha biyu ko kusa da haka, yana da gudu, yana kai ka daf da saman ruwa, amma yana dukan igiyar ruwa da ƙarfi, ruwa yana fantsama, kuma galibi babu banɗaki. Mace mai ciki, mai ciwon baya da ƙananan yara ba a ba su shawarar shigarsa, wasu kamfanonin ma ba sa karɓarsu. Katamaran mai gindi biyu ya fi natsuwa, yana da inuwa da banɗaki. Idan da Baba ko Inna a tafiyar, shi za ka nema.

Kafin ka biya, ka aika musu saƙo da Faransanci ko Ingilishi, ka faɗi sunan babban jirginka da ranar da lokutan isowa da tashi, sannan ka tambaya:

Idan babban jirgi bai tsaya a tashar ba, za ku mayar mini da kuɗina duka? Wannan tana da muhimmanci, domin ƙa'idar da aka saba gani ita ce a soke kyauta awa 24 kafin fita, alhali kyaftin yakan sanar da soke tasha ne da daddare ko da safiyar ranar.

Idan ba a ga balen ba fa? Wasu suna mayar da kuɗi ko wani ɓangare. Da yawa kuwa tikitin sake fita kyauta suke bayarwa, wanda ba shi da amfani ga mutumin da zai bar garin da yamma.

A ina za mu haɗu, kuma kuna ɗauko mutane daga tashar babban jirgi?

Kuna da lasisi? A Kanari jiragen da hukuma ta amince da su suna ɗauke da tuta ruwan ɗorawa mai rubutun Barco Azul.

Akwai masanin halittun teku a ciki, kuma da wane harshe yake bayani?

Fitar kallo ce zalla ko ta biki? Wannan mutanenmu su kula da ita. Wasu katamaran, musamman a Tenerif, suna haɗa kallon da giya da kiɗa da tsayawa iyo, kallon balen ɗin kansa 'yan mintoci ne. Mai iyali da ke son natsuwa ya nemi ƙaramin rukuni mai jagora masani.

Mataki na shida: biya

Orange Money da MTN MoMo da Airtel Money ba za su yi maka aiki a can ba. Katin banki na Visa ko Mastercard ake so, kuma ka je bankinka tun kana gida a buɗe maka shi don biyan intanet da na ƙasashen waje, ka tambayi iyakar abin da za ka iya kashewa. Yawancin katunan suna aiko da lambar tabbatarwa ta saƙon waya zuwa layinka na gida, saƙon da ba lallai ya same ka a tsakiyar teku ba. Wannan ma dalili ne na gama biya kafin ka bar Garwa ko Njamena.

Lissafin yuro ba shi da wuya tunda a ɗaure yake da sefa: yuro ɗaya sefa 655.957. Idan aka ce maka yuro 60 ga mutum ɗaya, wajen sefa 39,400 ke nan, ku huɗu kuma wajen 157,500, ban da kuɗin mota da ladan banki. Dala kuwa tana hawa da sauka, sai ka duba a ranar. Ka buga takardar shaidar biya, ka kuma ɗauki hotonta a waya, don intanet ɗin jirgi yana da tsada kuma yana yankewa.

Daren jajibiri da safiyar fita

Ka ɗauki hoton shafin takardar shirin yini inda aka rubuta lokacin dawowa da lambar wakilin jirgi a tashar. Idan wani abu ya faru a hanya, shi za ka kira nan take. Ka sa katin ɗakinka, da fasfo ko kwafinsa idan jirgi ya riƙe na ainihi, da katin banki da 'yan yuro ko dala a hannu cikin leda mai rufewa. Maganin da kake sha kullum ma ya bi ka.

Babban jirgi ba ya girgiza sosai, don haka kada ka ce ka gwada kanka ka ga ba ka jiri. Ƙaramin jirgi daban ne. Ka tambayi likita ko mai famasi tun a gida maganin tashin zuciya na tafiya, ana shan sa minti 30 zuwa awa guda kafin shiga, kuma wasu suna sa barci. Ka ci abu mara maiƙo, kada ka fita da yunwa kuma kada ka cika ciki. Citta tana taimaka wa wasu.

Sutura: a kan ruwa akwai sanyi da iska ko da gari yana zafi. Babbar riga ba ta dace ba, iska tana cika ta, kuma rigar ceto ba ta zama daidai a kanta. Hula tana tashi. Mata su sa hijabin da ke kama jiki ko su ɗaure mayafi da kyau, a sa wando a ƙarƙashin zane saboda tsallaka shiga da fita. Takalmi mai rufe ƙafa wanda ba ya santsi, ba silifa ba. Ka yi alwala kafin ka sauka, ka kuma tsara yadda azahar da la'asar za su zo maka, tunda kai matafiyi ne.

A kan ruwa

Wanda ya taɓa tsayawa bakin Binuwai a Garwa ko bakin Shari yana jiran dorina ta ɗago hanci ya riga ya san rabin aikin. Balen ma da huhu take numfashi, dole ta fito, amma a lokacin da ta ga dama. Abin da za ka fara gani shi ne feshi, wani farin tururi da ke tashi sama kamar mita 3 daga balen mai doro, wani lokaci ma ka ji hucinsa kafin ka gan shi. Sai baƙin baya ya bayyana yana sheƙi, ya lanƙwasa, ya nutse. Za ta yi haka sau da dama. Idan ka ga ta ɗaga wutsiya sama, ruwa yana zuba daga gefenta, ta tafi ƙasa ke nan, sai bayan minti biyar zuwa goma sha biyar. Kashalo kuwa takan kai minti 45 a ƙasa. Tsallen da ake nunawa a hotunan talla yana faruwa, amma ba kullum ba. Masu jagora sukan nuna wuri da lambobin agogo, gaban jirgi shi ne 12, dama 3, hagu 9. Ka fara kallo da idonka tukuna kafin ka ɗaga waya, domin abin daƙiƙu ne.

Idan kyaftin ya tsaya nesa, doka yake bi. A Kanari ba a matsawa ƙasa da mita 60, a Alaska kusan mita 90 ga balen mai doro, a Afirka ta Kudu mita 300 ga jirgin da ba shi da izini na musamman. Kada ka matsa masa ya ƙara kusa, kada ka jefa abinci, kada ka miƙa hannu. Uwa ce da ɗanta a wurin haihuwarta ko kiwonta, ƙarar inji tana damun su. Sau da yawa idan aka rage inji aka yi shiru, su da kansu suke matsowa.

Idan jiri ya kama ka, ka fita inda iska take, ka zauna wajen tsakiyar jirgi, ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, kada ka shiga banɗaki ka kulle kanka.

Tun kuna shiga ka gaya wa ma'aikatan lokacin da babban jirginka ke rufe ƙofa. Da kun sauka, ka kama hanyar tasha kai tsaye, tsaraba a saya a kusa da jirgi inda kana hango shi. Idan kuma masu ƙaramin jirgin ne suka soke fitar saboda iska, ka nemi su ba ka shaida a rubuce ko ta saƙo a nan take, da ita za ka karɓi kuɗinka daga wurinsu ko daga dillalin da ka biya ta hannunsa.